Amsa ga mai tambaya kan kalmar bariki a tsofaffin mujallu

Salam 'yar'uwa. Wallahi da na karanta tambayarki sai da na ajiye waya na yi shiru, kamar ni ce na rubuta ta. Kin ce kina furojet kan yadda tsofaffin mujallu suke amfani da kalmar bariki, kin tara misalai sun ƙi haɗuwa, nan ma'anar ta mutunci can kuma kamar zagi, malaminki ya ce ki koma ki sake. To ni ma kalmar nan ce ta kusa sa ni ajiye karatu.

Mu yanzu da an ce bariki sai hankali ya tafi kan 'yar bariki, zaman kai, bariki iyawa da sauransu, kuma da wannan kunnen na shiga aikin, nan na yi kuskure. Kalmar daga Turanci ta zo, asalinta mazaunin soja, sai ta bazu ta koma unguwar Turawa da ma'aikatan gwamnati, har gidan da Di'o, wato jami'in mulki na zamanin Turawa, yake sauka in ya fita rangadi bariki ake ce masa. Saboda haka in kin ga tsohon rubutu ya ce wane ya tafi bariki, ƙila ƙara ya kai ko aiki ya je nema, ba yawon banza ba. Daga baya ne ma'anar lalacewa ta danne sauran, tunda wurin ba ya ƙarƙashin idon iyaye da mai unguwa, kowa baƙo ne, kowa na cin gashin kansa.

Ni ban gane haka ba sai ranar samina, wato ranar da na gabatar da aikina a gaban malamai da ɗalibai, ranar da har gobe in na tuna sai na ji zuciyata ta yi zafi. Na kawo misalin wata wasiƙar mai karatu da ke cewa wani mutum ya kwana a bariki, na sa ta a jerin ma'anar iskanci da ƙarfin gwiwata. Wani malami da ke zaune a gefe, ba ma shi ke duba ni ba, ya cire tabarau ya ce in sake karantawa. Na sake. Ya ce wace shekara, wane shafi? Ban rubuta ba. Sai ya juya ga ɗalibai yana dariya ya ce ku ji fa, ta mai da bawan Allah matafiyi ɗan iska don ya kwana a gidan baƙi. Aji ya ɗauki dariya har da waɗanda muke cin abinci kwano ɗaya. Gyaran nasa daidai ne ban musa ba, amma ai akwai yadda ake gyara, bai tsaya nan ba sai da ya kwashe kusan minti goma a kaina, wai irinmu ne muke zuwa makaranta don a ce mun zo, ina tsaye takarda na rawa a hannuna, na rasa inda zan sa idona. Na fita na shiga masallacin mata na yi kuka har na gode Allah. Bayan sati ya gan ni a hanya ya amsa gaisuwata kamar ba abin da ya faru. Na bar shi da Allah.

Don Allah duk misalin da kika samu ki kwafe jimlar gaba ɗaya da ta gabanta da ta bayanta, shekara, wata, shafi, kuma ki rubuta bakin wa ta fito, edita ne ko mai wasiƙa ko hira ce, don a mujallar fitowa ɗaya za ki tarar labarin soja ya ce bariki da ma'ana ɗaya, shafin nasiha ga mata ya ce ta da wata. Kuma kar ki ba kowa aron littafin da kike kwafa a ciki, ni wata ta ara nawa ya dawo da tabon manja da shafi huɗu a yage, wannan labarin wata rana ne.

Ki fara da Gaskiya Ta Fi Kwabo ko da yake jarida ce ba mujalla ba, tun 1939 aka fara ta a Zariya, Abubakar Imam na edita, ita za ta nuna miki tsohuwar ma'anar. Sai ki tsallako irin mujallar Fim da ta fara a 1999 ki ga nisan da kalmar ta yi. Ki duba ƙamus ɗin Bargery na 1934 ki gwada da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. In kina kusa da Kaduna ki leƙa Arewa House, cibiyar da ake adana takardun tarihi, ki tafi da takunkumi saboda ƙurar tsofaffin takardu, ni sai da na yi sati ina tari. Ki zauna da tsofaffi ma, kakata ce ta fara ce min ai sunan Barikin Ladi da ke Filato ya isa ya nuna min ba kowane bariki ne abin kunya ba, da na saurare ta da wuri da ban sha abin da na sha ba.

Ragowar littafin nan yana nan a akwati, in kina so ki min magana ta inbos in ɗauki hoton shafukan da manja bai ci ba in turo miki.