Muryar Anti Nas a kan borin jinin da zafi ke tayarwa

Assalamu alaikum mutanen gida. Ƙanwata, na saurari muryarki tun da asuba, sai yanzu na sauka daga aikin dare. Kin ce da zarar kin tsaya bakin murhun waakye, wato shinkafa da wake, a unguwar Aboabo ta Kumasi, ko kin shiga trotro, motar haya, zuwa kasuwar Kejetia da rana tsaka, sai jikinki ya ɗauki ƙaiƙayi kamar ana tsira miki allura, ƙananan ƙuraje su feso a wuya da ƙirji da hannuwa, kafin ki iso gida sun ɓace.

To, wannan ɓacewar ce ta nuna min inda matsalar take. Ƙurajen zafi da muke gani a jikin jarirai, na toshewar hanyar zufa, kwana da kwanaki suke yi. Naki borin jini ne, irin wanda ɗumin jiki ke tayarwa. Idan jiki ya ɗumama zai fara zufa, sai wasu ƙwayoyi a cikin fata su saki wani sinadari da ake kira histamin, shi ke kawo kumburin da ƙaiƙayin. Cikin mintuna yake tasowa, yawanci rabin awa zuwa awa ɗaya ya kwanta. Ba a ɗaukarsa, ki ci gaba da goya yaronki. Kuma don Allah Mma ta kwantar da hankalinta, babu hannun kowa a ciki.

Abin da nake so ki riƙe shi ne ki riga shi. Mutane suna jira sai jiki ya yi rudu-rudu sannan su ruga kemis, a lokacin kuwa histamin ya riga ya fita. Tunda kin san ƙarfe nawa kike hura wuta, ki sha maganin tun kafin nan. Cetirizine ko loratadine, miligiram 10, ƙwaya ɗaya a rana ga babba. Piriton ma yana yi, amma yana sa barci, ke kuma a kan tukunya mai tafasa kike, ban so miki shi da rana ba. In ƙwaya ɗaya ba ta riƙe ki ba, likita na iya ƙara miki, amma shi zai ƙara, kada ki ƙara wa kanki. In kina da ciki ko kina shayarwa, ki faɗa kafin a ba ki komai.

Sai sanyaya jiki. Ki ajiye piya wata, wato ruwan leda, mai sanyi kusa da ke da ɗan tawul. Kina jin tsikarin nan ya fara, ki ja da baya daga wuta, ki jiƙa tawul ki ɗora a wuya da ƙirji, ki sha sauran. Wanka da ruwan zafi ki bar shi, ko da asuba ne, ki sirka ya zama salam. Hijabin roban nan mai santsi da kike sawa yana riƙe zafi sosai, ki nemi na auduga mai faɗi, musamman a Fabrairu da Maris da Kumasi ke dafa mutum. Shito, miyar barkonon nan, da kokon da ya ji citta da barkono su ma suna sa zufa, ki rage na mako biyu ki ga bambanci. Har ɓacin rai yana tayar da shi, kin ga ranar da kika yi faɗa da mai gawayi ki lura. Kalamin, maganin shafawa na ƙaiƙayi, ki shafa in ƙaiƙayin ya dame ki, kada ki sosa.

Wanda ya fi ci min rai shi ne dexa, wato dexamethasone, maganin sitiroid. Na ji wata a nan ta ce ki saya. Wallahi kada ki fara. Zai kwantar da shi yau, amma shan sa a kai a kai yana kawo hawan jini, ciwon suga, kumburin fuska da raunin ƙashi, na ga mata da yawa a asibiti da wannan. Haka man bilicin mai sitiroid. Sannan asfirin, ibuprofen da diclofenac suna iya ƙara rura borin jini, in kanki na ciwo farasitamol ya fi miki.

Yanzu ki saurara da kyau. Ranar da leɓe ko harshe ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ko murya ta shaƙe, ko jiri ya ɗebe ki, wannan ya wuce na gida. A kira lambar gaggawa 112 ko a sa ki a tasi zuwa asibiti mafi kusa nan take, allurar adirenalin ake bukata. In kuma ya wuce mako 6 yana dawowa, ko ƙurji ɗaya ya kwana ya wuni bai ɓace ba har ya bar tabo, ki ɗauki katin inshorar lafiya na NHIS ki je a tura ki wajen likitan fata a asibitin Komfo Anokye.

In ya sake fitowa ki ɗauki hoto a cikin haske ki turo min ta gefe, don kafin ki ga likita ya ɓace. Allah ya ba ki lafiya, ki gaida min Mma.