Ƙwan Lantarki a Sanyi da a Zafi

Kana tambaya me ya sa ƙwai mai wat 100 ya nuna ohm 40 kacal (ohm shi ne ma'aunin turjiya ga lantarki) a mitarka, alhali lissafi ya ba ka kusan 500. Mitarka lafiya lau take, malam, a sanyi ka auna shi. Idan zaren ƙarfen tangstan da ke ciki ya kama da haske, zafinsa kan wuce digiri 2,000, turjiyarsa ga lantarki ta ninka fiye da sau goma.

Halin ƙarfe ke nan: zafi na kaɗa ƙwayoyinsa, su riƙa tare wa lantarki hanya. Na lura ƙwayayen shagona galibi da an danna makunni suke ƙonewa, don wuta ta kwararo da yawa kafin zaren ya ɗau zafi. Tsantsar silikon kuwa, sinadarin da ake yin kayan cikin waya da kwamfuta da shi, akasin haka ne, zafi rage masa turjiya yake.