Tambaya da Amsa: Wane makirfon kondensa ya dace da jita da murya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kaɗa jita irin wadda ba a jona mata wuta, kuma ina rera waƙa. Ina son in riƙa ɗaukar sauti a ɗakina da kwamfuta, amma kuɗina ba su taka kara sun karya ba. An ce in sayi makirfon kondensa. Wanne zan saya? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Shawarar da aka ba ka tana kan hanya. Fatar da ke cikin kondensa, wadda ke girgiza idan sauti ya buge ta, siririya ce ƙwarai, shi ya sa yake kama ƙarar tsirkiya da numfashin mawaƙi fiye da makirfon dainamik na wurin taro. Sai dai ba ya aiki shi kaɗai. Yana buƙatar wuta mai ƙarfin bolt 48, wadda ake tura masa ta wayar XLR mai haƙora uku daga akwatin da ke haɗa makirfo da kwamfuta, wato intafes. Don haka raba kuɗinka tun farko: makirfo, intafes, waya, sandar ɗora makirfo, da ragar tare iskar baki. Intafes irin su Behringer UMC22 ko Focusrite Scarlett Solo duk suna da maɓallin 48V.

Idan guda ɗaya za ka saya, mu dai Audio-Technica AT2020 muke nuna wa mai farawa. Kuɗinsa a waje kusan dala 100 ne, yana ɗaukar abin da ke gabansa ya rage na baya, kuma yana da ƙwari. Aibinsa shi ne 'yar shuuu ɗin da yake yi da kansa, wadda ta kai desibel 20 a ma'aunin ƙarfin sauti. Mai buga jita da ƙarfi ba zai ji ta ba, amma mai tsinkar tsirkiya da yatsa a hankali zai iya jin ta idan ya ƙara sauti. Yayansa AT2035 ya sauko zuwa 12, kuma yana da maɓallin yanke gurnanin da ke ƙasa da 80 Hz, wato sauti mai kauri ƙwarai. Rode NT1-A ya fi su shiru, desibel 5 kacal, sai dai ya fi tsada kuma yana kaifafa murya, har "s" da "sh" su riƙa sukar kunne. Shi kuwa BM-800 da ya cika kasuwa, launin zinaren ne kawai, bar shi ga masu hira a intanet.

Inda ka ajiye makirfon ya fi sunansa tasiri. Kada ka saita shi a ramin jita, nan iska take fitowa, sautin sai ya koma bum-bum kamar a cikin randa. Saita shi wajen gaɓa ta 12 daga cikin gaɓoɓin wuyan jita, kusa da inda wuyan jita ya haɗu da jikinta, da tazarar santimita 20 zuwa 30. In sautin ya yi siriri, karkato shi kaɗan wajen ramin. A murya kuwa, bar kamar taƙi ɗaya tsakanin bakinka da makirfo, raga a tsakiya. In ka matso da yawa muryar za ta yi kauri fiye da kima. Ka kuma duba gaban makirfon: AT2020 ta gefen da ke da tambari yake ji, ba ta samansa ba, kuma da yawa sukan yi wannan kuskuren.

Ɗauki jita tukuna, sannan ka sa abin saurare a kunne ka ɗora murya. Daidaita ƙarfin shigar sauti yadda mafi ƙarar wurin ba zai wuce desibel -6 a ma'aunin manhajar ɗaukar sauti ba. Sautin da ya fashe ba ya gyaruwa.

Kondensa ba ya rufa wa ɗaki asiri. Fanka, janareta, babur a layi, amsa-kuwwar bangon siminti, duk zai kwashe. Kashe fanka, rataya bargo mai kauri a bayanka, ka shimfiɗa darduma. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango ba ya hana ƙarar waje shigowa.

Tambaya: Makirfona yana tsartsatsi yana kuma huci kamar iska, musamman da damina. Ya lalace ne? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Ba lallai ba, Malama. Ƙurar hunturu takan kwanta a kan fatar, idan danshi ko tururin baki ya same ta sai wutar ta riƙa zurarewa. Fara canza waya don ki tabbatar ba ita ba ce. In bai daina ba, sa shi a roba mai murfi tare da 'yan ƙullin silika da ake samu a kwalin sabon takalmi, ya kwana biyu. Kada ki hura masa iska ko ki taɓa fatar. Daga yau kuma, jona waya kafin ki kunna 48V, ki kashe shi kafin ki cire, sannan ki mayar da makirfon jakarsa da kin gama.