Mene ne aikin injiniya a gonar ciyawar teku?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin injiniyanci ne. Na ji ana neman injiniyoyi a noman doguwar ciyawar tekun nan da ake kira kelf, da kuma wajen farfaɗo da dazuzzukanta da suka mutu. Ashe ba aikin masana halittu ba ne?

Amsa: Ɗan'uwa, da su da ku ake yi. Masanin halittu ne ke samar da iri, amma injiniya ne ke hana teku kwashe gonar.

Kelf ba ta son komai sai ruwan sanyi, da haske, da abu mai tauri da za ta kama. Ba ta da saiwar shan abinci, da jikinta take tsotsar sinadaran ruwa. Saboda haka ake noma ta a kan igiya, dabarar da ƙasar Sin ta bunƙasa tun shekarun 1950. Ana sakin ƙwayoyin irin a tanki su manne wa siririn zare, bayan mako 4 zuwa 6 a naɗe zaren a jikin doguwar igiya, a shimfiɗa ta kamar mita 2 ƙarƙashin ruwa. Anga, wato abu mai nauyi da ake kafawa a ƙasan teku, na riƙe ta daga ƙasa, robobi masu iyo na ɗauke da ita daga sama.

Wahalar tana nan: igiyar da ka dasa ba ita za ka girbe ba. Ranar dashe fayau take, ruwa na wucewa abinsa. Kafin girbi ta cika da ganye, kowane ganye kuma ruwa na jan sa. Dole lissafin anga, da kaurin igiya, da mahaɗai ya tsaya kan mafi munin rana, wato guguwa ta taso alhali gona ta cika. Zurfi ma lissafi ne. In igiya ta yi sama, raƙuman ruwa su yayyaga ganyen, in ta yi ƙasa, haske ya gaza. Kuma kada ta yi sako-sako, don manyan dabbobin teku na iya sarƙewa a ciki.

Farfaɗo da daji ya fi wuya, kuma nan ne nake ja wa injiniyoyi kunne, don hannunmu na saurin kai wa gini. Gabashin tsibirin Tasmaniya na ƙasar Ostireliya ya rasa kusan kashi 95 cikin 100 na dajinsa na babbar kelf, galibi saboda ɗumamar ruwa. A arewacin Kalifoniya ta Amurka, cuta ta kashe taurarin teku (dabbobi masu siffar tauraro) masu cin bushiyar teku (wata 'yar dabba mai ƙayoyi da ke cin kelf) tun 2013, ruwa ya yi zafi, bushiyoyin suka yi yawa suka cinye fiye da kashi 90 cikin 100 na dajin kelf ɗin. Zuba duwatsu a irin wannan wuri asarar kuɗi ce, sai an fara rage bushiyar.

Inda yashi ne matsalar, gini na amfani. Kusa da San Kilemente a kudancin Kalifoniya an shimfiɗa duwatsu a ƙasan teku, ba a tara su tsibi ba, kelf kuwa ta kama. A ƙasar Nowe kuma an fito da dabarar shuka iri a kan tsakuwa cikin tanki, sannan a watsa ta daga jirgin ruwa, ba sai an biya masu nutso ba.

In wannan fanni kake so, ka ƙware a ilimin motsin ruwa, da tsara anga, da sanin yadda gishiri ke cin ƙarfe, sannan ka koyi karanta na'urorin auna zafin ruwa da gudunsa.