Na sauya mata suna a littafina, amma yayanta ya ce sai mun haɗu a kotu

Tambaya: Barista, ina rubuta littafi ina sakinsa babi-babi a WhatsApp da Wattpad. Muguwar cikin labarin daga wata tsohuwar maƙwabciyarmu a Kano na ɗauko ta. Na sauya suna, amma na bar unguwar, da sana'arta ta sayar da atamfa da leshi, da wushiryarta, da aurenta uku. A wani babi na rubuta tana bin maza da aurenta, wanda ni na ƙirƙira. Yanzu yayanta ya kira ni da barazana. Ai na rubuta a shafin farko cewa ban yi don wani ko wata ba. Wannan bai wadatar ba?

Amsa: Malama, bai wadatar ba. Alƙali ba zai tsaya kan sunan da kika ba ta ba, zai tambaya ne: wanda ya san matar nan, in ya karanta, zai ce ita ce? In 'yan unguwa biyu ko uku suka tsaya suka shaida cewa sun gane ta, an gama da maganar suna. Unguwa, leshi, wushirya da aure uku a jikin mace ɗaya, ai kin zana ta ne.

Akwai tsohuwar shari'a daga Ingila da lauyoyinmu ke kafa hujja da ita, Hulton da Jones, ta 1910. Wata jarida ta buga labarin wani ƙirƙirarren mutum, Artemus Jones, wai an gan shi a Faransa da macen da ba matarsa ba. Ashe akwai lauya mai wannan sunan. Jaridar ta ce ba da shi take ba, amma aka ba shi diyyar fam 1,750 saboda abokansa sun ɗauka shi ne. Ke kuwa da kanki kin ce ita kika kalla kika rubuta.

Ɗauko hali daga mutanen gaske ba laifi ba ne. Kowane marubuci daga tsakar gida da gidan biki yake samo mutanensa, kuma sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya ba ki 'yancin faɗar albarkacin baki. Matsalarki babin nan ne. Za ta iya neman diyyar ɓata suna a babbar kotu, ko ta kai ƙara ƙarƙashin sashe na 391 da 392 na dokar Final Kod (Penal Code, dokar hukunta laifuka), inda hukunci ke kaiwa ɗaurin shekara 2, ko tara, ko duka biyun. Wanda ya fi tsorata ni shi ne kotun Musulunci. Jifan mace da zina ƙazafi ne, haddinsa bulala 80 in babu shaidu huɗu. Lauyanki zai iya cewa labari ne kawai, amma ban so ki je ki gwada sa'arki a can. Kariyar "gaskiya na faɗa" kuwa ba ki da ita, tunda ƙirƙira kika yi.

Yau ɗin nan ki sauke babin daga Wattpad, ki roƙi masu kula da guruf-guruf su goge, duk da na san an riga an ɗauki hotonsa. Kada ki mayar wa yayan martani a rubuce ko ta saƙon murya, don duk abin da kika faɗa hujja ne. Ki nemi wani babba da iyalinta ke jin kunyarsa a yi sulhu. In sun nemi takardar ban haƙuri, lauya ya duba kafin ki sa hannu, a kuma rubuta cewa sun janye ƙara. In 'yan sanda suka gayyace ki, ki je da lauya.

Littafin bai mutu ba. Ki mayar da matar wani gari, ki ba ta wata sana'a, ki cire wushiryar, ki haɗa ta da halayen wasu mutane daban. Kafin ki sake saki, ki ba wata 'yar unguwarku ta karanta, ki tambaye ta ko ta gane wa ake nufi.