Tambaya da Amsa: Ziyarar Kagoro a Lokacin Kaka

Tambaya: Ni da maigidana muna son mu kai yara Kagoro hutun kwana biyu cikin Oktoba. Me za mu yi a can, kuma da me za mu kiyaye? Daga wata mai karatu a Unguwar Rimi, Kaduna.

Amsa: Hajiya, kin dace da lokaci. Ruwa na ɗaukewa, duwatsu sun yi kore shar, hazo kuma bai sauko ya rufe gari ba. Ku bi ta Kachia da Zonkwa zuwa Kafanchan, daga nan Kagoro na kusa, ku yi sammako, kada dare ya same ku a hanya.

Hawan dutsen Kagoro shi ne babban abin. A fara kafin ƙarfe 7, kowa da ruwa lita 2. Silifas ba na hawan dutse ba ne. Duk inda ruwa ya kwarara da damina gansakuka ta kama, santsi gare ta kamar sabulu, kuma a saukowa aka fi faɗuwa domin gwiwa ta riga ta gaji. Ku ɗauki ɗan gari ya yi muku jagora, ciyawa ta yi tsawo ta haɗiye ƙananan hanyoyi, ga macizai. Yaron da bai kai shekara 8 ba, a ganinmu, a bar shi a gindin dutse.

Washegari ku leƙa Matsirga, inda ruwa ke faɗowa daga kan dutse, kusa da Kafanchan. Ruwan na zubowa da ƙarfi a wannan lokaci, kallo kawai, ban da wanka.

Ku riƙe tsabar kuɗi da rigar sanyi. Ku kuma bar wuri a but ɗin mota saboda citta da acca.