Na ajiye batirin dril ɗina, yanzu ya ƙi caji

Tambaya: Salam Malam, ni kafinta ne a Zariya, ina da dril mai batir 18V. Kafin in yi tafiya na yi aiki da shi har cajin batirin ya ƙare kakaf tunda an ce haka ake yi, na bar shi a shago wata huɗu. Yanzu in na ɗora shi a caja sai dai fitila ta dinga ƙyaftawa. Ya mutu ke nan?

Amsa: Wa'alaikumussalam Oga. Wanda ya ba ka wannan shawara tsohon nau'in batiri mai suna NiCd yake tunawa, shi ne ake cewa a ƙarar da cajinsa kafin a sake caji, naka kuwa in irin na zamani ne, lithium ne, shi ba ya son yunwa sam. In ka buɗe shi za ka ga ƙananan batura biyar a jere, ko goma in babba ne, kowanne 3.6V, in ya cika 4.2V. Ko ba a taɓa shi ba cajin yana zurarewa a hankali, to kai ka bar shi babu komai, da ɗaya daga cikinsu ya faɗi ƙasa da wajen 2.5V sai caja ta ƙi karɓa, da gangan aka yi ta haka don kar wuta ta tashi. Ga kuma shagon kwano, in a bazara ka yi tafiyar nan ai gasa shi ka yi.

Ka kai wa mai gyara ya auna su ɗaya bayan ɗaya da mita, wani lokacin guda ɗaya ce ta lalace. Amma don Allah kar ka biye wa masu jona waya daga wani batir wai su farfaɗo da shi, ni dai ban yarda da wannan dabarar ba, gobarar lithium wuyar kashewa gare ta. In kuma ya kumbura ko yana wari, ya tashi aiki.

Nan gaba in za ka daɗe ba ka yi aiki da shi ba, bar shi da caji kamar rabi, kashi 40 zuwa 60, ka zare shi daga jikin dril ɗin, a caja ma kar ya kwana, ka sa shi ɗaki mai sanyi, ka leƙa shi duk wata uku. Ban da akwatin ƙusoshi fa, ƙusa ɗaya ta haɗa bakin ƙarfen nan biyu na batirin an gama. Kuma in ka gama aiki yana da zafi, bari ya huce tukuna kafin ka sa caji.